Ranar da Labbo Ya Ba Mota Kanwa

In ka shiga kasuwar Isa ranar cinta ka nufi layin masu igiya, za ka tarar da wani dogon tsoho siriri yana tufkar rama a cinya, yana bin kowace mota da kallo kamar mai shirin taya ta. Shi ne Labbo. Kada ka ɓata bakinka wajen tambayarsa labarin kanwa, don zai ce maka bai san zancen ba, alhali gemunsa na rawa saboda dariya. Amma daga Tozai har Tsamaye babu mai furfurar da bai san labarin ba, kuma kowa da irin gishirin da yake zuba masa.

A ruga aka haifi Labbo, gabas da Kurawa, kuma tun bai iya ɗaura wando ba yake bin shanu. Kafin ya yi aure ya riga ya zama irin makiyayin nan da ake kira in saniya ta ƙi kiwo. Ya taɓa kunnenta, ya dubi kashinta, ya kalli yadda ta tsaya, sai ya faɗi abin da ke damunta. Ya auri Saudatu, mace mai tsabtar ƙwarya da kaifin baki, suka zauna lafiya. Sai fari ya zo, wancan na shekarun tamanin. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, mutane su fito suna murna, iska ta kwashe shi ta yi gaba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Labbo ya kora garkensa kudu neman ciyawa, bayan wasu watanni ya dawo shi kaɗai da sandarsa. Bai taɓa ba kowa labarin wannan tafiya ba, har Saudatu. Baƙin ciki ya kama shi sosai, ya daina dariya, ya koma zama a gindin bango yana zana ƙasa da tsinke.

A wannan lokaci ne wata ƙungiyar agaji ta fara dafa abinci a wata makarantar firamare a Sabon Birni. Tukunya ɗaya ce babba, dafaffiyar alkama da ɗan mai, ana rabawa kafin azahar. Suka kuma kawo wata tsohuwar bas fara, wadda ta ci duniya a wani gari kafin ta iso nan, don ta riƙa kwaso yaran ƙauyukan hanyar Kurawa. A gidajen yaran nan kuwa 'ya'yan anza masu ɗaci ake jiƙawa, ana gwama ta da dusa in an samu. Ga da yawansu, kwanon makaranta shi ne karin kumallo, shi ne abincin dare. Dokar kuma ba ta da kwana: yaron da ke wurin shi ke ci, ana kiran azahar a kankare tukunya. In mota ta tashi, yara su ci. In ta kwanta, su kwana da yunwa.

Direban motar Bawa ne, Bagobirin Isa, gajere mai faɗin ƙirji, bakanike tun yana saurayi, wanda ko gaisuwa zai yi sai ka ce faɗa yake. Ya ce shi ba zai iya tuƙi da gyara da wanki da jan ruwa duk shi kaɗai ba. Malam Amiru hedimasta ya ce ai ga Labbo can yana zaman banza, wanda ya tsare shanu daga kura ba zai kasa tsare taya daga ɓarawo ba.

Ranar farko Labbo ya kewaya motar a hankali, hannu a baya. Ya durƙusa ya leƙa cikinta, ya shafa gefenta, ya tsaya a gabanta yana nazari.

"Hwara ta, kuma ba ta da ƙaho," in ji shi. "Wagga ai Bokolo ta."

"Kai Bahillace, mota ta, ba nagge ba!" in ji Bawa.

Amma suna ya riga ya bi ta. Kafin mako ya zagayo har Malam Amiru Bokolo yake ce mata.

Bawa ya koya masa aikin safe. A zaro sandar baƙin mai a duba, a leƙa man birki, a danna fambel, wato robar da ke juya fanka, da yatsa a ji ko ya saki, a bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya, a cika lagireto da ruwa tun inji na sanyi. Sannan ya zaunar da shi a kujerar gaba ya nuna masa wata 'yar allura a cikin gilashi kusa da sitiyari.

"Ka ga wagga? Ita ka hwaɗin zahin jikinta. Ni hanya nika kallo, kai ita za ka kallo. In ta kai ga ja, ka yi man ihu, ko da gwamna nika magana."

Labbo ya ɗauki aikin nan da hannu biyu, sai dai a ransa kiwo ya koma. Yana cire ƙaya daga taya kamar mai cire kaska. Ya yi mata rumfar zana a Kurawa inda take kwana, don kada rana ta dake ta. In yana wanke ta da ɗan ruwan da bai kai cikin ƙwarya ba, yana yi yana mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. Saudatu ta ce masa, "Malam, yaushe za ta haihuwa mu samu na hura?" Ya yi dariya. Ita kanta sai da ta ajiye muciya ta dube shi, don ta manta yadda dariyarsa take. Bawa ma, duk da bakinsa, ya yarda a tasha cewa tun da yake tuƙi bai taɓa ganin motar da ake lallashi kamar wannan ba.

Sai rijiyoyi suka ƙara yin ƙasa. Abin da guga ke fitowa da shi rabi ruwa ne rabi laka. Labbo ya bar shi ya kwanta, ya tace da tsumma kamar yadda Bawa ya ce, amma lakar ba ta rasa hanyar shiga. Allurar nan ta fara hawa, yau kaɗan, gobe kaɗan. Bokolo ta koma shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, in ta zo hawan gaɓar gulbi sai ta yi ta nishi. Bawa ya ce lagireto ne ya toshe, sai an sauke shi an kai Isa an wanke, kuma aikin kwanaki ne. Kwanakin nan wa zai kai yara? Suka yanke a lallaɓa zuwa hutu, ana tafiya a hankali, ana tsayawa a inuwa ta huce.

Hankalin Labbo dai bai kwanta ba. Zafin jiki, yawan shan ruwa, kasala a hawa. Ai ya ga wannan ciwo ya fi a ƙirga. Wata rana suna hutawa a gindin gawo ya gyara murya.

"Direba, halan tun da anka kawo ta, an taɓa ba ta kanwa?"

Bawa ya yi dariya har goshinsa ya danna ham, yara suka firgita. "Kanwa! Wallahi ba a taɓa ba. Ko dusa ba mu ba ta ba, Bahillace, mun cuce ta!"

Shi Bawa wasa yake. Shi kuwa Labbo gabansa ne ya faɗi. Dabba mai wannan girma, shekara da shekaru ba ta lasa kanwa ba! Kowane makiyayi ya san in shanu suka daɗe ba kanwa cikinsu cushewa yake, jiki ya mutu. Ya dubi Bawa da tausayi. Mutanen gari ke nan, abin da ba su sani ba sai su yi masa dariya.

Saudatu na da wani dunƙulen jar kanwa mai kyau da take ɓoyo a cikin tulu, tana gutsura kaɗan-kaɗan in za ta dafa ganye. Washegari da sassafe, tana bayan gida, Labbo ya sa hannu. Ya daka rabi a kan dutse, ya narka a bokiti, ya yi bisimilla ya ɗura wa Bokolo. Ya shafa mata goshi ya ce ta sha da haƙuri, magani ba ya daɗi.

To, abin da ya sa labarin nan ya ƙi mutuwa shi ne maganin ya ci. Ranar nan allura ta hau kaɗan ta tsaya. Washegari ta sauko. Bawa ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, yana zaton ta lalace, ta ƙi motsi. Da suka zo gaɓar gulbi Bokolo ta haye kamar karsana, yara suka ɗauki shewa suna buga kujeru. Bawa ya sauka a Sabon Birni yana hura hanci, yana gaya wa 'yan tasha cewa mota hannu take bi, wani direban ko kallon inji ya yi sai ya warke. Labbo na gefe yana cizon leɓe, farin ciki kamar ya tsaga masa ƙirji. A hanyar komawa har waƙa ya yi, shi da ko a bikinsa bai yi ba. Da ya ga abin ya karɓe ta, sai ya koma tulu ya kwashe sauran rabin.

Saudatu ta juye tulu, ta zargi ɓera, ta zargi akuyar maƙwabta, sannan ta lura da mijinta yana murmushi shi kaɗai.

"Malam, ina kanwata?"

"Ta yi aikin lada."

"Kanwata kab ba ƙarhe? Mu muna cin ganye da gahi, ƙarhe na shan kanwa?"

"Ke ba ki ga yadda taka hawan gulbi ba," in ji Labbo.

Da safe ya zo duba Bokolo sai ya ga ƙasa a jiƙe a ƙarƙashinta, ruwa ja-ja ya kwanta. Wani mai hankali da ya ruga ya taso Bawa. Labbo kuwa har tafi ya yi. Fitsari! Ai haka ake so, in kanwa ta kama dabba sai ta fitar da dattin ciki. Ya tura rairayi da ƙafa ya rufe wurin don kada a ga asirinta, ya ƙara mata ruwa, ya shiga gaba ya zauna yana ji da kansa.

Sun kwashe yaran ƙauyuka duka, sun yi nisa, hantsi ya ɗaga, sai allurar ta zabura. Ba hawa ta yi ba, tsalle ta yi. Labbo ya ga ta doshi ja, ya ƙwala ihun da ko a daji bai taɓa yin irinsa ba. Bawa ya taka birki ya kashe inji nan take. Tururi ya turnuƙe gaban motar. Suka sauka, yara suka biyo su, kowa ya durƙusa yana leƙe. Ruwa na zuba daga lagireto ta ko'ina kamar daga rariya, ga wata kumfa tana tsiyaya a hankali. Bawa ya jira ya ɗan huce, ya tsoma yatsa, ya sansana, ya kai baki. Ya juyo a hankali.

"Bahillace."

"Na'am, Direba."

"Wa ad da niyyar dahwa wake cikin lagiretona?"

"Magani na," in ji Labbo. "Kai da bakinka kac ce ba a taɓa ba ta ba. Kuma ta ji sauƙi, kowa ya gani."

"Ta ji sauƙi! Wanga lagireto ya girme ka, ga ruɓewa! Dut huji na, laka da tsatsa su ka toshe shi. Kai ko ka zo ka wanke su tas!"

Ya zaro sifana ya bi shi. Labbo ya tattare riga ya kewaya mota, dogo a gaba gajere a baya, suna zagaye Bokolo, Bawa na ambaton kakannin duk wanda ya taɓa riƙe sanda. Yara suka kwanta a ƙasa don dariya, wasu na goyon bayan Direba, wasu na cewa Baffa Labbo ya ƙara mai. Sai da Bawa ya gaji ya dafa mota yana haki, sannan wata 'yar ƙarama mai suna Bilki, wadda ba ta cika magana ba, ta ja rigar Labbo.

"Baffa, yau ba mu cin abinci?"

Dariya ta ɗauke. Hanyar nan in ba ranar kasuwa ba mota ba ta bi. Rana na hawa, gari da sauran nisa, komawa gida kuma komawa ce ga tukunyar da ba a ɗora ba. Labbo ya dubi yaran, ƙafafu kamar sillen kara, leɓuna a bushe, duk sun zuba masa ido. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo baya. Da hannunsa ya yi wannan.

Ya shiga mota ya ɗauko sandarsa da goran ruwan shansu.

"Za ni kora su," in ji shi.

"Cikin wagga rana? Ɗiyan da ba su karya ba?"

"Ba ta hanyar mota ba. Akwai burtali nan gaba, shi ka yanke, kuma gawo na bisa nai har gulbi. Motar na ban sani ba, Direba. Wanga na san shi."

Bawa ya dube shi, ya dubi yaran, ya miƙa masa nasa goran ma.

Labbo ya tsara su yadda ake tsara garke. Ƙanana a gaba don tafiya ta zama daidai ƙafarsu, manya a gefe da gefe, shi a baya. Ya ɗaga sanda ya yi irin kiran nan na makiyaya, harshe na ƙas-ƙas a ganda. Wani ɗan banzan yaro ya amsa da kukan saniya, shi ke nan aka ɓalle. Wannan ya ce shi ne bijimi, waccan ta ce ita ce mai nono, Labbo na raɗa musu sunaye yana tsawata wa mai fita layi. Ba ya bari su yi gudu, ba ya bari su yi nawa. Daga gawo zuwa gawo suke tafiya, a kowace inuwa kowa ya kurɓi ruwa sau ɗaya a tsaye. Ya kaɗo musu aduwa suka riƙa tsotsa don miyau ya zo. Da suka ratsa wata 'yar tunga, mata suka fito suna kallo, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ta ce ta gode Allah da ya nuna mata shanu sun dawo burtali, ko da masu allo da jaka ne.

A bakin gulbi wasa ya ƙare. Babu ruwa ko ɗigo, sai rairayi fari fat mai faɗi yana walƙiya, ba itace ko ɗaya, kuma yawancin yaran ba takalmi. Goruna sun zama wayam. Bilki ta fara tangaɗi, Labbo ya sunkuce ta ya saɓa a wuya, ƙafafu ta nan hannuwa ta nan, yadda ake ɗaukar ɗan maraƙin da aka haifa a hanya. Ya ce kowane babba ya goya ƙarami. Suna tsakiya sai wanda ya ce shi ne bijimi ya durƙusa, ya ce shi kam bari ya ɗan zauna. Wata ma ta bi shi ta durƙusa.

Labbo ya tsaya cak. Ya san wannan durƙuso. Haka suke farawa, ɗaya ta sa gwiwa a ƙasa, ta kusa da ita ta bi, kuma wadda ta kwanta a rana ba ta tashi. Ya ji kamar ya faɗi shi ma. Maimakon haka sai ya sunkuyar da kai, Bilki na wuyansa, ya tono rairayi da ƙafa, ya saki wani ruri mai ban tsoro, ya yi kan yaron.

"Bijimin banza! Tashi ko in tunkuye ka! Ga bijimin ƙwarai ya taho!"

Yaron ya zabura yana dariya yana kuka, sauran suka watse da ihu, Labbo na binsu yana ruri, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Haka ya kora su har gaɓar can, bai bar kowa ya sake taɓa ƙasa da gwiwa ba.

Malam Amiru na tsaye a ƙofar makaranta yana hangen hanyar mota, ladan na gyaran murya, Larai mai dafuwa ta riga ta ɗauko abin kankarar tukunya. Sai suka ji kukan shanu ta bayan makaranta. Suka juya, ga yaran Kurawa sun ɓullo ta burtali, fari fat da ƙura, suna tangaɗi suna kuka irin na maruƙa, ga dogon mutum a baya ba hula da yarinya a wuya. Larai ta yar da abin hannunta ta hau jera kwanoni.

Labbo ya tsaya a bakin ƙofa suna wucewa ta gabansa. Bai ƙirga su ba, makiyayi ba ya ƙirga garkensa. Fuska yake dubawa, ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshe ta shige.

"Ina mota?" in ji Malam Amiru.

"Tana hanya, Malam. Na ba ta kanwa."

Malam Amiru ya rasa ko faɗa zai yi ko dariya, sai ya koma ciki ya ba da umarni a share aji biyu, yaran su kwana nan kusa da tukunya har a gyara mota, a kuma aika wa iyayensu. Larai ta cika kwano ta miƙa wa Labbo. Ya karɓa ya rufe da faifai, ya cika goruna, ya juya ya kama burtali.

La'asar ta yi kafin ya isa. Bawa na kwance a ƙarƙashin Bokolo, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ya ji takun Labbo amma bai fito ba, ƙarar sifana dai ta tsaya.

"Sun kai?"

"Sun kai."

"Dut?"

"Dut. Na baro su suna lasar hannu."

Labbo ya ji Bawa ya ja hanci da ƙarfi a can ƙarƙashi, ya yi tari, ya zagi ƙura. Sai a lokacin Labbo ya zauna daɓas a rairayi da kwano a cinya, hawaye na zuba yana dariya, yana ta maimaita wa kansa cewa ko ɗaya bai faɗi ba.

"In ka gama," in ji Bawa daga ƙarƙashin mota, "zo ka tallabe man wagga rariya taka mu sauke ta. Mai liƙi da dalma na Isa, kuma kai za ka ɗaukar ta."

Labbo ya share fuska da hannun riga, ya tura masa kwanon ta ƙarƙashin mota, ya ce ya fara ci tukuna.